Kafin Ka Miƙa Makulli: Yadda Ake Sayar da Tsohon Babur a Karkarar Kano

Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoɗa, ƙauyuka a manne suke da juna, gona na bin gona, kuma da wuya ka leƙa zauren da ba a jingine babur a cikinsa ba. Aikin da jaki ya yi wa kakanninmu shi ya gada: ya kai taki gona, ya ɗauko buhun gero, ya kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Shi ne kuma ajiyar maigida. Ranar da aure ya taso, ko jinya, ko kuɗin takin zamani, shi ake fara kallo.

Sana'ata gyaran babur ce. Ciniki da yawa a bakin rumfata ake ƙulla shi, rigimar da ke biyo bayansa ma nan take dawowa. Kurakuran masu sayarwa a karon farko ba sa sauyawa. Mutum ya fito da babur ranar da buƙata ta shaƙe masa wuya, ya lafta masa fenti don ɓoye gajiyarsa, ya karɓi kuɗi ya miƙa makulli ba takarda ba shaida. Daga baya ko dai ya gane ya yi asara, ko ya ji ana sallama da shi daga ofishin 'yan sanda.

Mai sayen babur na hannu da tsoro biyu yake zuwa: kada inji ya zama ya gaji, kada babur ya zama na sata. Duk abin da ya shige masa duhu, sai ya zabge kuɗinsa daga tayin da zai yi. Matakan da ke tafe duk hanyar rage masa wannan tsoro ce, da kuma kare kanka bayan babur ya bar hannunka.

Abin da za ka tanada

Rasit ɗin asali da takardar kwastan da aka ba ka tare da shi.
Takardun lamba, in ka yi wa babur rajista.
Takardar cinikin da ka saye shi da ita, in kai ma na hannu ka saya.
Katinka na ɗan ƙasa.
Makullai duka, har da na ajiya.
Kayan asali da ka ciccire ka ajiye: madubi, kariya, salansa, murfin sarƙa.
Sabon fulogi, baƙin mai mai kyau, sabulu, tsumma da buroshi.
Farar takarda biyu, biro, fensir, da tawadar dangwale.
Shaidu biyu baligai waɗanda aka sani a gari.

1. Tabbatar kana da ikon sayarwa

Wannan kamar ba ya buƙatar faɗi, amma nan rigima mafi ɗaci take fitowa. Babur ɗin gado da ba a raba ba na magada ne gaba ɗaya, ko da kai kaɗai kake hawansa tun rasuwar mahaifinku. Sai kowa ya yarda, masu ƙananan shekaru kuma waliyyinsu ya tsaya musu. Wanda ka karɓa kana biya da kaɗan-kaɗan bai zama naka ba sai ka cike kuɗin an miƙo maka takardunsa. In uwargida ta zuba kuɗin adashinta lokacin saye, tana da haƙƙi a ciki, a yi magana da ita kafin dillali ya ji.

2. Duba lambobi ka gwada su da takarda

Lambobi biyu ne shaidar babur. Ta shasi tana buge a wuyansa, inda sitiyari ke juyawa. Ta inji tana jikin injin daga ƙasa, yawanci ta hagu, kusa da giya. Goge datti da tsumma da ɗan kananzir. Kada ka kankare wurin da wuƙa ko ka goge shi da samfefa, domin lambar da ta nuna alamar karce, kowa zai ɗauka an taɓa ta ne da gangan. Ɗora farar takarda a kai ka cuɗa fensir a hankali har haruffan su fito, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa da abin da ke cikin rasit.

In sun dace, ka huta. In ba su dace ba, nemi dalili tun yanzu. Sau da yawa inji ne ya taɓa bugawa aka sayo wani a Ƙofar Ruwa aka ɗora, ba a karɓi rasit ba. Koma wurin wanda ya sayar maka da injin, ko bakaniken da ya ɗora shi, a rubuta maka shaida.

Akwai baburan da suka ratsa hannu huɗu ko biyar, rasit ɗin kuma har yau sunan mutumin farko yake ɗauke da shi. Tun watan Janairun 2013, da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin Kano bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, babura suka kwararo ƙauyuka, aka yi ta sayar da su hannu da hannu cikin gaggawa. Irin waɗannan har yanzu suna yawo a tsakaninmu. In naka yana cikinsu, bi sawun cinikin baya gwargwadon iko, ka samu wanda ya sayar maka ya rubuta cewa daga hannunsa ka karɓa. In takardun sun ɓace ko gobara ta ci, je ka sanar da 'yan sanda su ba ka takardar rahoto, ka yi rantsuwa a kotu. Ɗawainiya ce ta yini ɗaya ko biyu, amma babur marar takarda rabin masu saye ba sa ko taya shi, masu tayawar kuma sun san ba ka da ƙarfin ja.

3. Zaɓi lokaci in kana da zaɓi

Kuɗi a karkara da amfanin gona yake tafiya. Da kaka, tun daga Oktoba har zuwa Disamba, an cire gyaɗa, an girbe riɗi da wake, motoci na ɗiban kaya zuwa Dawanau, matashi na neman abin hawa kafin aure. Lokacin ne masu saye suka fi masu sayarwa yawa. Da faɗuwar damina kuwa, wajen Mayu da Yuni, kowa neman kuɗin taki da ƙwadago yake, babura su cika kasuwa, farashi ya kwanta. Manomin da ya san zai buƙaci kuɗin taki, gara ya sayar tun kaka ya sayi takin ya ajiye, ko ya sayi 'yar dabba ya ɗaure. A yankunan noman rani, kamar bakin dam ɗin Watari a Bagwai ko na Tomas ta wajen Dambatta, akwai dama ta biyu lokacin da aka kwashe albasa, tumatir da shinkafa.

In larura ce ta sa, to aƙalla kada ka bayyana ta a kasuwa. Wanda ya ce "yau nake son kuɗin" ya riga ya rage wa kansa.

4. Gyara abin da ya kamata, ka bar abin da bai kamata ba

Nan mutane suka fi zubar da kuɗi a banza. Ƙa'idata ita ce: gyara ƙananan abubuwan da ke sa mai saye zargin babbar matsala, ka bar manyan ayyuka ka faɗa da bakinka.

Fara da wanki, kwana biyu kafin ranar nunawa. Toshe bakin salansa, ka kiyaye ruwa ya shiga kafireta ko wayoyin wuta. Kada ka wanke inji da fetur kusa da murhu ko mai shan taba. Na ga wanda ya ƙone hannu a haka. Dalilin kwana biyun shi ne inji ya bushe ka hau shi, in akwai inda mai ke tsattsafowa ka gani da idonka. Injin da aka wanke da safiyar ranar kasuwa, mai saye mai wayo ɗauka yake an wanke yoyo ne.

Juye baƙin mai ka zuba sabo, irin wanda ka saba zubawa. Sa sabon fulogi. Wanke iyakilina da kafireta, a saita ta yadda babur zai tsaya da kansa ba tare da an riƙe totur ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, tambayar farko da mai saye ke yi ita ce shan mai, kuma kafireta mai datti tana iya sa inji lafiyayye ya zama kamar mai zarin sha. Gyara birki gaba da baya, ɗaure wayoyin ƙafa da suka saki, sauya ƙwan fitilar da ya mutu, mayar da madubi. Hon ya yi ƙara. Waɗannan duka kuɗinsu kaɗan ne, amma rashinsu yana gaya wa baƙo cewa mai babur ba ya kula, daga nan sai ya fara tunanin me ke cikin inji.

Sarƙa da faifanta mai haƙora su ake fara tsugunawa a duba, kamar yadda mai sayen bijimi a kasuwar Dambatta ranar Lahadi yake buɗe bakinsa ya ga shekarunsa. In haƙoran sun yi tsini sun karkata gefe guda, ko ka ja sarƙar daga bayan faifan ta ɗago har ka hango haske, sun ƙare. Sauya su tare. Sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai ba ta yin wata biyu.

Yanzu abin da za ka bari. Kada ka sauke inji don kawai za ka sayar. Kuɗin fistin da ringi da aikin bakanike ba sa dawowa a farashi, kuma injin da aka buɗe jiya, kusoshinsa da sabon sawun sifana, ya fi tsorata mai saye a kan wanda ke ɗan hayaƙi. Kada ka yi wa inji fenti. Kada ka shafe walda da baƙin fenti; baburanmu na ɗaukar buhu biyu da mutum, shasi yakan tsage a ƙarƙashin kariya, kowa ya san haka, kuma walda mai kyau da aka nuna ba ta kashe ciniki.

Sai dabarun da nake roƙonka ka nisanta. Wasu na zuba mai mai kauri, har man giyar mota, don ya danne ƙarar inji ya rage hayaƙi na yini guda. Wasu na cusa wani abu a salansa. Wasu na ɗumama babur tun kafin mai saye ya iso don kada ya ga yadda yake wahalar tashi da safe. Mai kaurin yana hana mai isa saman inji ya kuma lalata kuloci, wato ka ƙara wa babur cuta ka miƙa wa ɗan'uwanka. A nan kuma ba birni ba ne da za ka ɓace. Wanda ka sayar wa, za ku haɗu a sallar Juma'a, ko ka tarar surukin ƙaninka ne.

5. Babur mai kwalliya da babur tsohon yayi

Matasanmu na son su mayar da babur nasu na kansu. A cire kariya, a rage kujera, a sunkuyar da sitiyari, a sa salansa mai tsawa, a jera fitilu masu launi. Wannan sha'awa ba a nan ta fara ba. A Ingila, cikin shekarun 1950 da 1960, samari na tuɓe wa Triumph da Norton da BSA duk wani nauyi, su kwantar da sitiyari, su riƙa tsere tsakanin shagunan shan shayi irin su Ace Cafe da ke Landan. Daga nan aka samu salon da ake kira cafe racer, wanda har yau yake da masoya a duniya.

Amma dubi wanda zai taya naka. Manomi ne ko ɗan acaɓan ƙauye ko mai kai madara da kayan miya kasuwa. Doguwar kujera yake so da kariya mai ƙarfi. Salansa mai tsawa a kunnensa alama ce ta cewa yaro ya yi ta gudu da injin. Kuɗin da ka kashe a kwalliya ba zai biya ko sisi a kai ba, ragewa ma zai yi. Saboda haka mayar da kayan asali, ka sayar da na kwalliyar daban ga abokanka masu irin ra'ayinka. Abin da aka yanke da zarto ba ya komawa, shi ya sa nake gaya wa duk yaron da ya kawo mini irin wannan aiki: mu kwance, kada mu yanke, kuma ka ajiye abin da muka kwance. In an riga an yanke, kada ka kai kasuwar ƙauye. Ɗauki hotuna masu kyau da rana, ta kowane gefe, ka sa a WhatsApp da Facebook inda samarin birni za su gani, ka yi haƙurin jira.

Tsohon yayi kuwa lissafinsa daban ne. Vespa, wadda kamfanin Piaggio na Italiya ya fara ƙerawa a 1946, da Honda Roadmaster mai silinda biyu, akwai dattawa da ma matasa da ke nemansu don ƙauna. Irin wannan mai saye fentin asali yake so ko da ya koɗe, da tambarin asali, da agogon asali. Wanda ya kai Vespar mahaifinsa aka fesa mata sabon launi kafin sayarwa ya goge abin da ake biya. Kada ka bari mai gwangwan ya auna maka ita a sikeli kafin ka tambayi masu gyaran irinta a cikin Kano. Ka tuna kuma Vespa ta da, da mai ake gauraya fetur ɗinta, ɗan hayaƙinta ba ciwo ba ne.

6. Yanke farashi, zaɓi wuri, daidaita da dillali

Manta da nawa ka saya. Bayan faɗuwar darajar naira daga 2023, kuɗin sabon babur ya ninka, na hannu ma ya bi shi. Akwai waɗanda suka yi murna don an taya su sama da abin da suka biya shekarun baya, sai da suka je sayen wani suka tarar kuɗin bai kai rabin hanya ba. Tambayi kuɗin sabon irin naka yau. Sannan ka je kasuwa sau ɗaya ba da babur ba, ka tsaya inda ake ciniki, ka ji nawa aka sallama, domin abin da ake faɗa da farko ba shi ne farashi ba.

Nau'i ma yana magana. Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta fi saurin fita a karkara saboda kujerarta da juriyar kaya. Masu injin da aka kwaikwayo daga Honda CG125, wanda aka fito da shi a 1975 musamman don ƙasashen da babur ke shan wahala ba ya samun kulawa, suna da kasuwa don kowane mai gyara ya san cikinsu, kayansu kuma ko'ina akwai. Roba-roba malaman makaranta da ma'aikata suka fi nema, sai ka nufi inda suke.

Riƙe lambobi biyu a ranka: wanda za ka faɗa, da wanda ƙasa da shi za ka koma gida da abinka.

Sayarwa a cikin gari ta fi kwanciyar hankali, ko da kuɗin ya ɗan gaza. Kasuwar mako, irin ta Dambatta ko Larabar Abasawa a Gezawa, ta fi yawan masu taya, ta kuma fi yawan baƙin fuska. In za ka bi ta hannun dillali, nemi wanda ke da mazauni da shugabanni a kasuwar, ku yanke la'ada tun kafin ya taɓa makulli, ku kuma fayyace wa zai biya ta. Kada ka yarda da "kawo mini kaza, abin da ya hau nawa ne" sai in ka san kasuwa sosai, domin a nan ne ake sayar da babur da tsada a kawo wa mai shi kaɗan. Ka tsaya a wurin lokacin da ake sallamawa. In kuma ka ga an jera 'yan sojan baka suna taya ƙarya don su zuga mai saye, hana su. Najashi ke nan, shari'a ta haramta, kuma da sunanka ake yi.

7. Nunawa, gwaji da faɗin aibi

Bari mai saye ya tarar da inji da sanyinsa. Ce masa ya taɓa ya ji, sannan ya buga kik da ƙafarsa. Babur da ya tashi a bugu ɗaya ko biyu da sanyin safiya ya gama yi maka talla. In ya zo da bakanikensa, yi maraba da shi, ka ba shi wuri.

Za su kalli hayaƙi. Baƙi na nufin fetur ya yi yawa, matsalar kafireta ko iyakilina, gyara mai sauƙi. Mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin mai na nufin inji na cin baƙin mai, ringi sun gaji. Za su saurari saman inji, su girgiza ƙafar gaba su ji boris, su danna shokozoba su ga ko yana zubar da mai. Kada ka jira su gano. Riga su faɗa: "Alhaji, giya ta biyu takan fita in an ɗauki kaya. Nan an taɓa walda. Yana rage mai, nakan ƙara kafin lokacin juye ya yi." Na sha ganin yadda fuskar mai saye ke sakewa in ya ji haka, ya daina laluben abin da aka ɓoye ya koma lissafin kuɗin gyara, wanda kusan kullum bai kai abin da tsoro zai sa ya zabge ba.

Wannan kuma wajibi ne na addini. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta hana algus da ɓoye aibi a babin ciniki, kuma a fiƙihun Malikiyya wanda ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayar da kaya. Aibin da ka faɗa a gaban shaidu ba a dawo maka da babur saboda shi.

Gwajin hawa shi ne lokacin haɗari. An sha cewa "bari in ɗan zaga" a tafi ke nan. Bar mai kaɗan a tanki. Baƙo bai hau shi kaɗai. Ka hau bayansa, a hanyar da ka zaɓa, cikin mutane, da rana. Wayar da ya bar maka jingina ko abokin da ya bari a tsaye ba tabbaci ba ne, sau da yawa wayar matacciya ce, abokin kuma zai ce shi ma yau ya fara ganinsa. Kada ka kai babur wani wuri da aka kira ka a waya ka kawo, musamman bayan la'asar. Takardun asali su zauna a aljihunka har ƙarshe.

8. San wanda kake sayar wa

Da ana ganin wannan bincike ne na mai saye kaɗai. Yanzu ya zama na mai sayarwa. 'Yan bindiga da babura suke kai hari, shi ya sa a 2021 gwamnatin Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanchi. A 2025 kuma hare-haren sun taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke kan iyakarmu da Katsina. In aka kama babur a mummunan wuri, lambar shasi da ta rajista gidan wanda sunansa ke takarda za su kawo jami'ai.

Tambayi sunansa, garinsu, mai unguwarsu, da wanda ya san shi a nan. Ga katinsa na ɗan ƙasa da idonka. Wanda bai damu da takarda ba, bai duba inji ba, bai ja farashi ba, yana sauri ya biya ya tafi, kada ka sayar masa ko nawa ya bayar.

9. Ciniki da karɓar kuɗi

In tayi bai yi maka ba, "albarka" ta isa, ba sai da ɓacin rai ba. In ka ce "na sallama", ka tsaya a kan maganarka ko da wani ya zo da ƙari.

Game da kafin alƙalami, ku yanke ranar cikawa. Ka sani kuma a mazhabar Imam Malik ba a yarda a yi sharaɗin cewa in ciniki ya warware mai kaya ya cinye kuɗin ba. Saboda haka kada ka kashe shi sai ciniki ya tabbata, babur kuma ya kwana a gidanka har a cika.

Tsabar kuɗi, ƙirga da kanka a gaban shaidu, da haske, ka buɗe kowane ɗauri har tsakiyarsa. In taransifa ce, saƙon da ya shigo waya ko hoton rasit da ya nuna maka a tasa wayar ba kuɗi ba ne. Ana ƙirƙirar su. Buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna, ko ku je wurin mai POS ka duba. In sabis ya ɗauke, kamar yadda yake yi mana a ƙauyuka, a jira ya dawo. Sunan da ya turo kuɗin ya zama na mai sayen. In na wani ne, a rubuta haka a takarda.

Bashi zuwa kaka abu ne da aka saba tsakanin 'yan'uwa. In za ka bayar, a yanke kuɗi guda da rana guda, a rubuta, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Ba a ƙara ko kwabo don an yi jinkiri. Takardun asali su zauna wurinka ko wurin mai unguwa har biyan ƙarshe.

10. Rubuta takardar ciniki

Kwafi biyu, da Hausa, da boko ko ajami, yadda kowa zai gane. Ga yadda nake rubutawa:

"Ni, wane ɗan wane, na unguwa kaza a garin kaza, na sayar da babur ɗina ƙirar kaza, launi kaza, mai lambar inji kaza, lambar shasi kaza, lambar rajista kaza, ga wane ɗan wane na garin kaza, a kan naira kaza, ya biya duka. Na gaya masa aibobinsa kamar haka, ya gani ya yarda. Daga yau, rana kaza, ƙarfe kaza, babur da duk abin da ya taso game da shi na wuyansa."

Kada a manta da lokacin, domin hatsari na iya faruwa a yammacin ranar. Ku biyu ku sa hannu ko ku dangwala, shaidu ma haka, kowa da lambar wayarsa, a rubuta lambar NIN ta mai saye. In mai unguwa ko dagaci ya sa hannu ya buga hatimi, takardar ta ƙara nauyi. Ɗauki hoton mai saye tsaye da babur, lamba na fitowa.

11. Bayan kuɗi sun shiga

Yi fotokwafin duk takardun kafin ka miƙa na asali, tare da makullan duka. Cire duk wata shaidar ƙungiya da ke jikin babur, in kuma kana cikin ƙungiyar 'yan acaɓa ka sanar da shugabanninku su soke lambarka.

In babur na da lamba, BCH ce ko DBT ko wata, rajistar na nan da sunanka har sai an sauya. Ku je ofishin lasin na hukumar tara haraji ta jiha ku yi canjin mallaka. Masu saye kan yi nawa a nan saboda kuɗin da za a kashe, shi ya sa ya fi kyau a shigar da maganar cikin ciniki tun farko, a rubuta wa zai biya da ranar da za a je.

In ya dawo bayan mako guda yana ƙorafi, ɗauko takarda ku kai babur wurin bakaniken da ku biyu kuka yarda da shi. Abin da ke rubuce a cikin aibobi ya wuce. Abin da ya lalace a hannunsa nasa ne. In kuwa tsohuwar cuta ce da ba a ambata ba, ko da kai ma ba ka san da ita ba, to ku zauna da shaidun, ko ka rage masa kuɗin gyara ko ka karɓi babur ka mayar masa da kuɗinsa. Kwafinka na takardar kuma ka sa shi a leda, ka haɗa da takardun gona, ka ɗauki hotonsa a waya ka tura wa wani ɗan'uwa, domin tambaya kan babur takan taso bayan shekaru, lokacin da ya riga ya wuce hannu na uku.